Muryoyi Goma Sha Tara na Ƙarshe

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamanmu da suka koya mana wannan sana'a, abokan aikina masu rubuta manhaja, iyaye da 'yan uwa da kuka cika wannan zaure, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina godiya da kuka ba ni dama in yi bayanin yadda muke ciyar da na'ura bayanai domin ta koya, amma ku yi mini haƙuri, yau kuskurena na zo faɗa.

Aikinmu shi ne mu koya wa na'ura gane maganar tsofaffi idan sun kira asibiti a waya. Mun tara muryoyi dubu shida da ɗari huɗu da goma sha tara, kowace jimla da aka ɗauka murya ɗaya ke nan. Na'ura ba ta iya haɗiye su lokaci guda, don haka na rubuta mata hanyar bi: ta ɗebi sittin da huɗu, ta saurara, ta sake ɗiban wasu, har ƙarshe, sannan ta koma farko. Zagaye arba'in.

Mutum na ƙarshe da muka ɗauki muryarsa shi ne Baba Tela, mahaifin abokiyar aikinmu mai ɗaukar murya. Ofishinmu a hawa na biyu yake, sau uku ya huta a matakala kafin ya iso. Da ya zauna gaban makirufo sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan injin naku zai gane maganar marar haƙori kuwa?" Na ce, "Baba, sau arba'in zai saurare ka." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Sau arba'in! Ko uwar 'ya'yana ba ta taɓa saurarata sau biyu ba." Jimla goma sha tara ya faɗa, numfashinsa ya gaza.

To jama'a, ga abin da na yi. Na farko, ban gauraya muryoyin ba, na bar su a jere yadda aka ɗauka. Na biyu, na umarci na'ura cewa duk rukunin da bai cika sittin da huɗu ba, ta tsallake shi, don aiki ya yi sauri. Ku yi lissafin da kanku. Rukuni ɗari cif, saura goma sha tara. Zagaye arba'in na'ura tana zuwa bakin muryar Baba, zagaye arba'in tana juyawa.

Baba ya rasu wata biyu da suka wuce, kuma har a gadon jinya yana faɗa wa masu dubiya cewa shi ya koya wa inji magana. Bayan an share makoki 'yarsa ta tsaya a gefen teburina ta ce, "Yaya, nuna min wurin da na'ura ta saurari Baba." Na bincika, na sake bincikawa, babu. Na rufe kwamfuta na ce mata sai gobe. Yau sati uku ke nan ina ce mata sai gobe, kuma wallahi kunya da baƙin ciki sun hana ni haɗa ido da ita.

Saboda haka ina roƙonku, ku gauraya bayananku a kowane zagaye. Ina roƙonku, kada ku zubar da saura sai kun buɗe kun ga ko wane ne a ciki. Ku ƙirga abin da ya shiga, ku ƙirga abin da na'ura ta taɓa.

Ƙanwata, 'yar Baba Tela, ga ki can a sahu na biyu. Na gyara, layi biyu kacal na rubutun manhaja gyaran ya ci, kuma jiya na'ura ta saurari Baba sau arba'in. Amma lokacin da yake alfahari da ita, ba ta taɓa jin sa ba, kuma laifina ne. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Allah Ya sa albarka a wannan taro, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.