Rigar Ceto Biyu a Kan Tudu

A tashar kwalekwale ta Bulbine, a Konakiri, wata dattijuwa mai sayar da kifi ta ƙura wa wani saurayi ido.

"Ɗana, rigar ceto har biyu, kana kan tudu?"

"Inna, tsibirin Rum za mu, kallon kifi a ƙarƙashin ruwa. Ga tabarau, ga bututun numfashi."

"Kallo kawai? Leƙa kwandona, ga su nan kwance, ba sai ka jiƙe ba. Ka iya iyo kuwa?"

"Na dai ce wa budurwata Mabinti na iya. Har na ce na taɓa ceton mutum uku."

"A ina?"

"A garinmu, Labe."

"Labe ta kan duwatsu? A rijiya ka cece su?"

"Rage murya, Inna, burodi ta je sayowa. Koya mini wani abu kafin ta dawo."

"'Yar ina ce?"

"'Yar tsibirin."

"Ayya! Rigar ta biyun wa ya ba ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ita."

"To, riƙe yarinyar nan da kyau, ɗana. Ta gano ƙaryar tuni, so take dai mai ƙaryar ya dawo da ransa."