Mai Jirgin Bai Cire Tasa Rigar Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Ladi ce daga Mararaba.

Ranar Asabar zafi ya ishe mu, ni da 'yata muka je kogi wajen Kwali, muka shiga jirgin ruwa shan iska. A gaɓa mai jirgin ya raba mana rigunan hana nutsewa. Muna yin nisa ya bi mu yana karɓewa, wai, "Madam, cire, zafin nan zai dafa ki."

Muka cire. Sai na lura tasa tana jikinsa ɗaure tam, yana ta gumi, wayarsa kuma ƙulle a leda.

Jama'a, ku ba ni shawara, wa zan gaya wa? Me mutumin nan ya sani game da jirginsa da bai faɗa mana ba?