Shekarar da Muka Sauka a Tawa

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda bai bar ni na mutu a bakin hanya ba. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da bakin magana a gaban jama'a. Fasto ne ya ce in tashi yau, saboda akwai baƙi a cikinmu da suka shigo garin nan neman aiki kamar yadda na shigo. Ku yi haƙuri da ni in muryata ta karye.

Sunana Bitrus. Asalina wani ƙauye ne kusa da Maraɗi, amma ƙuruciyata a Arlit ta ƙare, a garejin wani kamfanin haƙar ma'adini. Ina gyaran injuna, ina walda. Ɗakinmu da lantarki, tukunyarmu ba ta rasa nama, ran Lahadi kuma ni ke jagorar mawaƙa a majami'a. Sai kasuwar ma'adinin ta faɗi, aka shiga sallamar ma'aikata rukuni rukuni. Wata safiya abin ya iso kaina.

Ban so komawa ƙauye ba, don gonar babanmu ta yi wa yayyena kaɗan tun ban ƙara musu baki ba. Wani abokin aikina ya ce akwai porje, wani aikin Turawa na gina rijiyoyi a Tawa, da ke neman makaniki, in je in ambaci sunansa. Muka ɗaure kaya, ni da matata Rifkatu, da ɗiyarmu Maryamu wadda ba ta kai shiga makarantar lakwal ba, da jaririnmu Yohanna. Lokacin tawaye ne a arewa. Mota ba ta tafiya ita kaɗai, sai an haɗa ayari, soja a gaba soja a baya. Duk mai rawanin da muka hango daga nesa sai gabanmu ya faɗi.

Da muka iso na nemi porjen, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maigadi ya ce Turawan sun kwashe kayansu sun koma Yamai tun da aka fara ƙwace motoci a hanya. Ya tambayi abin da ya kawo ni, na faɗa masa. Ya dube ni ya ce, "Mazan garin ga duk Abijan sunka tahi biɗar aiki, kai kau nan kat taho?" Ba dariya yake yi mini ba. Tausayina ya ji.

Muka sami ɗaki a bayan tasha, a gidan wata tsohuwa Ba'adara, ƴar asalin ƙasar nan, da ake kira Inna Hajo. Daga nan na fara yawo. Na shiga buro buro, ofis bayan ofis, na tarar da ma'aikata zaune a gindin itace, wata da watanni ba albashi, yau yajin aiki gobe yajin aiki. Wani ya tambaye ni katin wace jam'iyya nake riƙe da shi. Na ce ba ni da ko ɗaya. Ya ce to in dawo bayan zaɓe. Masu gareji kuwa, mutanen Damagaram da na Sakkwato, sun karɓe ni da mutunci, har shayi suka ba ni, sannan suka nuna mini motoci ɗore a kan duwatsu ba taya. Tun da aka karya darajar kuɗinmu sefa kayan gyara suka fi ƙarfin mutane, mai mota sai ya ajiye ta kawai. Na gwada dako a kasuwa, amma ƴan dakon garin sun riga ni, sun kuma fi ni ƙashi. Rediyo ya tafi, agogo ya tafi, keken ɗinkin Rifkatu ma ya tafi.

Duk wannan lokaci ban nemi majami'a ba. Na saba zama a gaba da farar riga, ban so a fara sanina da takalmi ɗinkakke ba. Rifkatu ce ta gano ku. Tana layin famfo ta ji wata mata na rera waƙar sujada ƙasa ƙasa, ba kalma, murya kawai. Ta ƙarasa mata baitin. Matar ta juyo, suka tsaya suna kallon juna. Madam Asabe ce, ungozoma, wadda aka turo nan aiki daga Dogondutsi.

Ran Lahadi Rifkatu ta ja ni. A lokacin majami'ar nan ɗaki ɗaya ce ta ƙasa da rufin kwano. Ban ga ɗan gari ko ɗaya a ciki ba, kowa aiki ne ya jefo shi: Madam Asabe, da Mushe Ayuba malamin lakwal, da Baba Kwasi kafinta mutumin Togo, da iyalansu, sai Fasto Yakubu wanda noma ke ciyar da shi. Su ma ba a biya su albashi ba. Amma washegari mata suka shigo gidanmu, wannan da tiyar hatsi, wannan da kuka da daddawa. Ba wanda ya dubi takalmina.

Na ce a raina wahala ta zo ƙarshe. Ashe ba ta fara ba.

Da bazara ta yi tsanani sanƙarau ya shigo gari. Wata rana Maryamu ta dawo daga wasa ta ce kanta na ciwo. Kafin la'asar jiki ya yi zafi kamar garwashi, tana amai, ba ta son haske. Da na ɗaga kanta na ji wuya ya ƙi lanƙwasuwa. Na goya ta zuwa asibiti da gudu. Ɗakuna sun cika, marasa lafiya kwance a gindin itatuwa, ledar ƙarin ruwa rataye a reshe. Madam Asabe ta bar ɗakin haihuwa ta zo, ta shiga ta fita har ta samo allura. Ma'aikatan nan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ban riƙe kowa a zuciya ba. Cutar ce ta riga mu.

Maryamu ƴar fari ce, kuma Rifkatu renon ƙauye ce, ba ta taɓa kama sunanta ba saboda kunya. Kullum sai dai ta ce "yarinyar nan". Ranar nan, a gaban mutane, ta rungume ta tana kiran Maryamu, Maryamu, har muryarta ta dushe. Yarinyar ba ta ji ba. Washegari da rana tsaka ta cika.

Ƴan'uwa, kun san ƙasar Adar, ƙarƙashinta dutse ne. Ba ni da dangi a garin nan, ba ni da diga, ban ma san inda ake binne masu bi ba. Mazan ikilisiya ne suka yi haƙan. Mushe Ayuba, mutumin da alli kaɗai hannunsa ya sani, ya sari dutse har tafinsa ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Baba Kwasi ba shi da katako a shago, sai ya shigo nan ya ɗauki benci ɗaya ya ɓalle shi ya yi akwati. Inna Hajo ta aiko ƴaƴanta da tano, wato ganga, cike da ruwa a keken jaki don masu haƙa, ita kuma ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinmu ta zauna karɓar gaisuwa. Da wata maƙwabciya ta yi mata maganar cewa mu ba Musulmi ba ne, sai ta ce, "Addininsu daban na, amma ɗiyag ga jikata ta." Ba ta tashi ba sai da aka watse.

Bayan an watse ne duhun ya sauko. Rifkatu ta daina magana. Nono ya ƙafe, Yohanna na kuka tana kallon bango. Ni kuma kullum tunani ɗaya ke cin raina: ni na kawo su garin nan. Da na kai su ƙauye, ko da yunwa, da ƙila yarinyar tana nan. In an zo yi mana addu'a sai in sunkuyar da kai in ce amin, amma ba abin da ke shiga. Da safe in fita kamar mai neman aiki, in sami inuwa a tasha in zauna ina kallon motoci har yamma.

Wata safiya na fita ban nufi tasha ba. Na kama hanyar Afala da ƙafa, ba gora, ba hula. Ba wanda na sani a Afala. Ba zan ɓoye muku ba, ban yi niyyar dawowa ba. Na yi ta tafiya har gari ya ɓace a bayana, rana ta hau ka, harshena ya manne. Da ƙafafu suka ƙi, na zube a gindin wata aduwa.

A nan na yi addu'a, irin wadda ban taɓa yi ba a duk shekarun da na yi ina jagorar waƙa. Ba ta da daɗin ji. Na ce, "Ya Yesu, na gaji. Ban san dalilin da ya sa ka ɗauke ta ka bar ni ba. In ɗaukata za ka yi, ga ni. In kuwa ba ka gama da ni ba, ni dai ba ni da ƙarfin komawa, sai ka mai da ni da kanka." Na yi kuka, idona ba hawaye saboda ƙishi.

Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba. Abin da na ji gurnanin raƙumi ne. Na buɗe ido na ga wani Buzu dattijo a kaina, fuska rufe da rawani, takobi a gefe, irin mutanen da muke tsoro a hanyar Arlit. Ya durƙusar da raƙumin, ya kwanto salka, ya ce "aman", wato ruwa da harshensu. Ya riƙa ba ni kaɗan kaɗan, ya zuba mini saura a ka. Da na dawo hayyacina ya tambaye ni da Hausarsa inda za ni ba ruwa. Na ce ban sani ba. Sai ya ce, "Wa ke jiran ka gida?"

Na ce Rifkatu. Na ce Yohanna. Da sunayen nan suka fita daga bakina sai na ji kamar an ɗaga dutse daga ƙirjina. Mutumin bai tambayi sunana ba, bai tambayi addinina ba. Kasuwar Tawa za shi, ya ɗora ni a bayansa, ya sauke ni a bakin gari. Har yau ban sake ganinsa ba. Na roƙi Ubangiji ya mai da ni da kansa, ya kuwa mai da ni. Yabo ya tabbata ga sunansa!

Na tarar Fasto Yakubu da Mushe Ayuba sun zagaye tasha da kasuwa da asibiti suna nemana. Ba wanda ya yi mini faɗa. Rifkatu ta ɗago kai ta dube ni, ta yi maganarta ta farko tun ranar jana'iza. Ta ce, "Maigida, in ka tafi, wa zai nuna wa Yohanna kabarin yayarsa?"

A taron addu'a na tsakiyar mako na faɗa wa ikilisiya inda na je da abin da ya kai ni. Daga ranar ba su ƙara barina ni kaɗai ba. Da damina ta sauka Fasto ya riƙa biyo mini da safe mu tafi gonarsa, ya ba ni fartanya, mu yi noma tare. Mata suka ɗauki Yohanna suna ba shi kunu da madarar akuya har ya murmure. Kowa kuma ya sa kunne yana nema mini aiki.

Aikin bai zo da wuri ba, sai bayan kaka. Mushe Ayuba yana da abokin koyarwa Musulmi, wanda kawunsa Alhaji Mamman ke da lambunan albasa wajen Kalfu. Injunan ban ruwansa sun mutu, sabo kuma ba ya sayuwa. Da aka gaya masa ni Kirista ne, ya ce shi albasarsa ce ke ƙuna, a kawo ni. Na ɗauki sufanuna, su kaɗai ne ban sayar ba, na hau mota. Ranar farko injin bai tashi ba, ta biyu ma haka, ga shi na daɗe ban taɓa ƙarfe ba. Alhaji bai kore ni ba, fura ya aiko mini. A ƙarshe na wargaza matattun injunan na haɗa mai rai ɗaya daga cikinsu. Da ruwa ya ɓulɓulo cikin kwari na juya baya don kada manoma su ga fuskata.

Rabin ladana albasa ce da hatsi. Amma mai lambu ya gaya wa mai lambu, yau ga ni da rumfa a gefen kasuwa. Ba kamfani ba ne, ba albashi, wani watan a samu wani watan a rasa. Muna ci, Yohanna ya yi wayo, Rifkatu ta koma rera waƙa cikin zumuntar mata.

Kada ku ce na zo in gaya muku komai ya gyaru. Maryamu ba ta dawo ba, kuma har yanzu ban san dalili ba. Akwai ranakun da nake ganin sa'o'inta da allo za su lakwal, sai in shiga bayan rumfa in daɗe ban fito ba. Abin da na sani shi ne, a ranar da ban iya riƙe Yesu ba, shi ya riƙe ni, kuma da hannun mutane ya yi.

Na gode wa Ubangiji. Na gode muku, na gode wa Inna Hajo, Allah ya ƙara mata lafiya. Ku baƙin da kuka zo neman aiki, ban yi muku alkawarin za ku samu gobe ba. Amma ku dogara gare shi, kuma in abin ya yi nauyi kada ku fita bayan gari ku kaɗai kamar yadda na yi. Ku buɗe baki ku faɗa. Rumfata tana nan daga safe har magariba, in ba aiki akwai inuwa da ruwan sha, kuma zan saurara. A garin nan na binne ɗiyata, yanzu ni ba baƙo ba ne. Cikin sunan Yesu, amin.