Juyen Ƙarya da Aka Yi Wa Motata

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Shekara uku rabona da gida Lakwaya, ina Fatakwal ina jan mota mai shan gas. Na amince da wani bakanike ɗan Kabo saboda na gida ne. Duk sati biyu sai ya ce, "Baba, lokacin juyen baƙin mai ya yi." Ashe tsohon baƙin man yake tacewa ya mayar, mota tana ta zuƙar gas! Yanzu nisan tafiya nake dubawa kafin in yi juye, ba kwanaki ba. Gyaran birki kam ya iya, amma wallahi sai na tona masa asiri na raba shi da direbobin tasharmu kaf. Malamai, wannan ma giba ce? Tunda na bar shi, jarka huɗu na gas na tsirar.