Ƙuri'a Ɗaya Ta Hana Malam Sale Gayya

Salamu alaikum mai gabatarwa, Habu ne daga wani ƙauye a Makoda.

Unguwarmu tun zamanin iyayenmu jam'iyya ɗaya muke yi. Bana da aka ƙirga akwatinmu, sai ga ƙuri'a ɗaya tak ta 'yan adawa. Maƙwabcina Malam Sale bai ɓoye ba, ya ce, "Ni ne. Taki suka ba ni, rumbuna kuwa babu komai."

Da ya kira gayyar noma, mutanen unguwa suka ƙi zuwa saboda ƙuri'ar nan, ni kaɗai na je. Dattijon nan ya sa an dama fura cike da ƙorai, muna zaune har ta yi tsami.

Jama'a, yaya zan yi da mutanenmu? Ɗan takarar da suka juya wa Malam Sale baya dominsa, wallahi ko hanyar unguwarmu bai sani ba.