Masarar Mahaifin Malam

Yau Asabar, sha huɗu ga Satumba, ƙarfe goma na safe, a ɗakin taron sashenmu na nazarin tsirrai.

Shugaban jami'a, shugabar sashe, malamanmu, Mama da 'ya'ya, Baba Babba da Baba Ƙarami, yayyen marigayi, barkanku da zuwa. Ni ce ɗalibar Malam ta ƙarshe, bana na kammala. Na duba kowane layi na takardar nan kafin na hau nan.

Ya kasance mutumin da ba ya yarda da ido. In ka ce masara biyu iri ɗaya ne don duk farare ne, sai ya ce, "To, ni da mai gadi duk muna da sanƙo, 'yan uwa ne mu?" Shi ya koya mana mu yanki ganye, mu niƙa, mu fitar da ƙwayar halittarsa, mu duba alamomin gado da ke fitowa layi-layi a hoto. Masarar da layukansu suka fi kama, su ne dangi na kusa.

Ya kasance mai yawo gona-gona yana roƙon iri, har manoma suka sa masa Mai Buhu. Iri da yawa da suka ɓace a gonaki suna nan a ɗakin sanyinmu saboda shi.

Ya kasance kuma ƙane mai damuwa ɗaya. Baba Babba, Baba Ƙarami, ku yi haƙuri, shi ya ce in faɗa. Gonakinku na jingine da juna, amma kun daina gaisawa a kan iyaka, don kowannenku na cewa shi ke riƙe da ainihin masarar mahaifinku, ta ɗan uwansa gauraye ce. Malam ya ɗebo ganye daga gonakin biyu, ya ciro goyon masarar da ya ajiye daga girbin mahaifinku na ƙarshe. Ya ce da ni, "'Yata, gwada min su. In na faɗa da baki, za su ce yaro ne." Yana da shekara sittin da bakwai a lokacin!

Bai ga sakamakon ba. Ga shi. Ba wadda ta fi wata kusa da ta mahaifinku. Kuma naku biyun sun fi kama da juna fiye da yadda kowacce ta kama da tasa, domin iska na kwasar ƙurar fure daga wannan gona zuwa waccan duk damina. Ku kuna fushi, masararku na ta auratayya.

Na gode da dariyar, Mama. Da Malam na nan, shi ma haka zai yi.

Ga abin da ba mu sani ba. Ba mu san wace gona ta fi ba wa wata ba. Goyo ɗaya ba ya nuna mana gonar mahaifinku duka, don haka ba mu san abin da ya ɓace ba. Ba mu san ko Malam ya riga ya hango amsar ba, ko da yake ina zarginsa. Ba mu kuma san wanda zai fara tashi ya matsa kusa da ɗan uwansa ba, amma ga kujera babu kowa a tsakaninku.

Baba Ƙarami, a hankali, akwai wayar lasifika a gabanka.

Mun gode muku duka. Allah ya jiƙan Malam, ya yalwata masa makwanci, ya bar zumunci a gidan da ya bari. Amin.