Hotonta a Jikin Get, Ita a Waje

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Wallahi har yanzu mamaki bai sake ni ba.

Mahaifiyata ce ta sasanta matasan unguwar Kawaji da suka zare wa juna wuƙaƙe. Gida-gida ta bi iyayensu mata. Sai wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta gayyace ta taron mata da zaman lafiya a unguwar Nasarawa, na raka ta.

Muna sauka daga adaidaita, maigadin wurin taron ya dubi silifas ɗinta ya ce, "Iya, ba yau ake rabon sadaka ba." Jama'a, hotonta ne fa manne a get ɗin! Na harzuƙa, ta riƙo hannuna: "Mu tafi, kada a yi faɗa a kaina."

Masu sauraro, ku ba ni shawara: wa ake kai wa ƙarar masu kare haƙƙi?